Yaron da Aka Ce Yana da Kunnen Ƙashi: Nazarin Lamarin Wani Iyali

Abin da zan zayyana ya faru ne a gidan ƙanwata, kuma da ni aka yi shi tun daga farko, domin ni malamar firamare ce, ita kuwa ba ta saba shiga ofishin shugabar makaranta ta fito da abin da ta je nema ba. Na nemi izininta da na mijinta kafin in rubuta. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na makarantar.

Wata bakwai aka shafe ana fama da abu biyu a gidan. Na farko neman tallafin makaranta ga ɗansu na fari mai shekara 7. Na biyu saɓani kan sunan da za a sa wa jaririyar da ke ciki, wadda hoton asibiti ya nuna mace ce. Da farko na ɗauka matsaloli ne biyu da ba su haɗa hanya ba. Sai da aka yi nisa na ga duka biyun a kan suna ake ja.

Yadda abin ya ɓullo

A ƙarshen zangon farko na aji biyu yaron ya kawo sakamako. Lissafi da kyau, zane da kyau, shifta kuwa ya faɗi warwas. A ƙasan takardar malamar aji ta rubuta cewa yana da kunnen ƙashi, ba ya amsa kira, ba ya bin umarni. Uban ya yi faɗa, ya ƙwace masa ƙwallo na mako guda. Uwar ta kira ni tana kuka.

Da na tambaye ta ko an taɓa duba kunnensa, amsarta ita ce amsar da iyaye da yawa suke bayarwa: "Haba Yaya, ai yana ji. Ko ƙofa aka buga daga ɗaki yake fitowa. Motar babansa ma shi yake fara jin tsayuwarta." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta rufe mana ido shekara da shekaru.

Na karɓi littafinsa na shifta na zauna da shi. Kurakuran ba na yaron da bai yi karatu ba ne, suna da tsari. Inda aka ce "sata" ya rubuta "fata". Inda aka ce "kishi" ya rubuta "kifi". "Shida" ta zama "ida". Wasulan duka daidai suke, baƙaƙe irin su s, sh, f da ts ne suke ɓacewa ko suke musanya wuri. Sai na tuna bai fara haɗa jimla ba sai da ya kusa shekara 3, muka ce ai maza suna jinkirin magana. Na tuna yadda yake kafe mutum da ido idan ana masa magana, da yadda yake dawowa daga makaranta a galabaice, ya kwanta ko takalmi bai cire ba. Rannan na sa takarda na rufe bakina, na ce ya ɗauko mini cokali shida. Ya tsaya yana kallona, yana jira in sauke takardar.

Shekara bakwai ina ganin yaron nan kusan kowane mako, ga ni malama, ban lura ba. Har yau abin yana damuna, shi ya sa ba na saurin ɗora wa malamar ajinsa laifi.

Zuwa na farko makaranta

An ba su ranar gwajin ji bayan mako 10. Ni da uwar muka ce ba za mu zauna jira ba, muka je makaranta. Shugabar ta karɓe mu da mutunci, ta kira malamar aji. Malamar ta ce ita a ganinta ko otizim ne, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane da yadda yake magana, tunda ta ji cewa rashin amsa suna yana cikin alamominsa. Ba ta yi ƙarya ba, yana ciki. Sai dai duk yaron da ba ya waiwayowa idan an kira shi, kunnensa ya kamata a fara dubawa kafin a kai ga kowane zato.

Muka roƙi abu ɗaya tak: a dawo da shi gaba. A ajin, dogaye ne a baya, shi kuwa dogo ne, wurinsa layin ƙarshe kusa da taga mai kallon filin wasa. Shugabar ta ce, "Maman yaro, ki yi haƙuri. Sai mun san sunan abin da ke damunsa. Ki kawo mana takardar likita, sai mu ga abin da za mu iya. In muka matsar da shi yau, gobe iyaye goma za su zo."

A nan nake ganin aka yi babban kuskuren lamarin baki ɗaya, kuma kuskure ne da ake yi a makarantu da yawa. Takardar likita tana da amfani: ita ce ke buɗe ƙofar na'ura, da ƙwararru, da kuɗin tallafi inda ake bayarwa. Amma matsar da kujera ba ya buƙatar sa hannun likita. Buƙatar yaron tana gaban malamai kullum, ko da suna ko babu suna. Mako 10 kusan zango guda ne a rayuwar ɗan aji biyu, kuma a wannan ajin ne ake kafa tubalin karatu.

Tunanin da duniya ta daɗe da komawa kansa ke nan. A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa 25 sun haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifaniya ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa makarantar kowa da kowa ita ce za ta gyara kanta ta karɓi yaro yadda yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta tanadi a sashe na 24 cewa a yi wa ɗalibi gyare-gyaren da suka dace da buƙatarsa, kuma a sashe na 2 ta lissafa ƙin yin irin wannan gyara cikin nuna wariya. Dokar da ta fi burge ni ita ce ta Sukotlan ta 2004: ta ce yaro yana da buƙatar ƙarin tallafi idan, bisa kowane irin dalili, ba zai amfana da karatu ba sai da tallafin. Ba ta gindaya sharaɗin sunan cuta ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ya kamata kowane mahaifi ya nemi sanin ta inda yake zaune, amma hujjar ɗaya ce a ko'ina.

Rannan dai ba mu faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mun fito hannu rabbana.

A gida kuma, maganar suna

Mahaifiyar mijin ta rasu shekara guda kafin wannan, Allah ya jiƙanta. Tun da aka ce mace ce a cikin, ya yanke cewa sunanta za a mayar. Suna ne mai kyau, mai gaɓa uku, amma a cikinsa akwai s akwai f. Uwar ba ta taɓa musawa ba sai bayan da na nuna mata littafin shifta. Daga nan ta fara sauraren bakin ɗanta da sabon kunne, ta ji yadda yake kiran sunan kakarsa: baƙaƙen biyu sun zube, saura wasula kawai.

Ta ce wa mijin, "Baban yara, yaron nan ba zai iya kiran ƙanwarsa ba. Kullum sai an yi masa dariya a kan sunan da zai fi kowane suna faɗa." Ta kawo sunaye gajeru masu m da b, irin waɗanda ake gani a leɓe. Shi kuwa ya ce, "Uwata ce fa. Sau ɗaya zan samu wannan damar." Ya ƙara da cewa ɗansa lafiyarsa ƙalau, mu ne muke neman liƙa masa ciwo.

Jimlar ƙarshen nan ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Ba sunan jaririya kaɗai yake karewa ba. Idan ya yarda a sauya suna saboda kunnen yaron, ya yarda ke nan akwai matsala a kunnen, shi kuwa abin da yake tsoro a duniya shi ne a kira ɗansa kurma. Ga makaranta ta ce ba za ta motsa ba sai an ba ta suna, ga uba ya ce kada a kuskura a sa wa ɗansa wani suna. Yaron yana tsakani, a layin baya, kusa da taga.

Na ba ƙanwata shawara ta ajiye maganar sunan har a yi gwaji. Ta ajiye ta a baki, amma kusan wata biyu gidan ba daɗi.

Abin da gwaji ya nuna

Gwajin ba shi da zafi. Ana sa wa yaro abin saurare a kunne cikin ɗakin da ba ƙara, a riƙa sako sauti iri-iri, daga mai kauri zuwa siriri, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, shi kuma ya ba da alama duk lokacin da ya ji. Sakamakon yakan fito a zane: ƙarfin sauti a ma'aunin desibel, kaurinsa ko sirantakarsa kuma a yawan kaɗawarsa cikin daƙiƙa.

Zanen yaronmu ya fara a sama ya gangaro kamar tudu, a kunnuwan biyu. Sautuka masu kauri yana jin su kusan kamar kowa. Sirara kuwa sai an ɗaga su sosai. Masaniyar ji ta yi mana bayanin da ya warware komai. Ƙarfin magana a wasula yake, kuma wasula masu kauri ne, haka ma bugun ƙofa da rurin mota. Amma abin da ke bambanta kalma da kalma yawanci a baƙaƙe yake, kuma s, sh da f sirara ne marasa ƙarfi. Sautin s yana can sama, daga kaɗawa 4000 a daƙiƙa zuwa sama. Saboda haka yaron yana jin ana magana, yana jin hawa da saukar murya, amma kalmomin suna iso masa a gutsure. Sauran yakan cike da kallon baki da hasashe. Wannan aikin yake yi tun safe har a tashi, shi ne gajiyar da muke gani.

Ta kuma yi mana lissafin aji. Maganar yau da kullum tana kaiwa kamar desibel 60 a tazarar mita 1. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, sauti yakan ragu da kamar desibel 6: a mita 2 ya koma 54, a mita 4 ya koma 48, a mita 8 ya koma 42. A cikin ɗaki bango yakan dawo da wani abu, sai dai amsa-kuwwar tana dagula baƙaƙe ne. Masana suna so muryar malami ta ɗara hayaniyar aji da desibel 15 kafin yaro ya fahimta da kyau, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƴan aji biyu ya san jan kujera ɗaya ya isa ya wuce haka. Ga kuma malama tana magana fuskarta na kallon allo.

Ba shi kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan ji ya ce mutane miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa, irin su ƙyanda, sanƙarau, hangum, ciwon kunne da aka bari, da matsalolin haihuwa. Likitan ya tambayi tarihi. Yaron ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwarsa, an kwantar da shi, an kuma yi masa allurai na kashe ƙwayoyin cuta. Likitan ya ce shawara mai tsanani tana iya taɓa ji, haka ma wasu magunguna irin su jentamaisin, amma gado ma yana iya zama dalili ko da iyaye suna ji garau: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halitta iri ɗaya a ɓoye, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. Ya ce lallai a gwada jaririyar cikin watanta na farko. Ƙa'idar da likitocin yara suke bi ita ce gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Yaronmu ya samu nasa a shekara 7.

An rubuta masa na'urar ji ta kunne biyu. Uban bai je gwajin ba. Da aka kai masa takardar ya karanta, ya ninke, ya ce ɗansa ba zai sa wannan abin a makaranta ba.

Zuwa na biyu

A makonnin jiran nan ba mu zauna haka ba. Na ba ƙanwata ƙaramin littafi na ce ta riƙa rubuta abin da ta gani, da kwanan wata, ba tare da sharhi ba. Ran kaza ya yi aikin gida na shafi na 7 alhali na shafi na 6 aka bayar. Ran kaza an tsare shi bayan tashi saboda bai fito da littafi ba lokacin da aka ce a fito da shi. Ran kaza ya ce ba ya son zuwa, cikinsa na ciwo. Muka ɗauki hoton shafukan shifta muka ja layi ƙarƙashin baƙaƙen da suka ɓace.

Sannan muka rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya. Na nace a kan rubutu domin maganar baka a ofis iska ce, da an fita ta bi taga. Ba mu zargi kowa ba, ba mu kuma ce "a taimaka masa" kawai ba, domin wannan roƙo ne da kowa zai amsa da to, ba wanda zai san me zai yi gobe da safe. Mun faɗi abin da muke so dalla-dalla. A zaunar da shi layi na biyu, ɗan gefe, nesa da taga da ƙofa, inda zai ga fuskar malama ya kuma iya juyawa ya ga ɗalibin da ke ba da amsa. Malama ta daina bayani tana rubutu a allo, ta gama rubutun ta juyo. Shafi da aikin gida a rubuta su, kada a faɗa da baki kawai. Idan wani yaro ya amsa tambaya daga baya, ta maimaita amsar. Idan tana so ta tabbatar ya gane, kada ta ce "ka ji?", domin zai ce e, ya saba. Ta ce ya faɗa mata abin da zai yi. Shifta kuma a yi masa ita a wuri shiru, kalma cikin jimla, yana kallon bakin mai faɗa. A ƙarshe muka roƙi a sa mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin bibiya, a kuma sa ranar da za a sake zama bayan mako 6.

Duk cikin waɗannan babu wanda ke cin ko sisi. Abu ɗaya mai tsada muka ambata a matsayin buri na gaba: ƙaramin makirufo da malama ke maƙalawa a wuya, ya aika muryarta kai tsaye cikin na'urar yaro, ya kashe matsalar tazara.

Wannan karon shugabar ta karanta komai a gabanmu. Na lura takardar likita ta sa ta saurara, amma littafin uwar ne ya taɓa malamar aji. Da ta kai kan ranar da ta tsare shi bayan tashi, sai ta yi shiru, ta ce, "Wallahi Maman yaro, na ɗauka raini ne." Ƙanwata ta ce, "Malama, ni ma da na haife shi haka na ɗauka." Daga wannan maganar zaman ya sauya, aka daina kare kai aka koma shawara. Malamar ce ma da kanta ta kawo dabarar sa roba a ƙafafun kujeru, ta kuma ce za ta riƙa ba uwar sababbin kalmomin mako tun ranar Juma'a, domin kalmar da yaro ya riga ya sani ta fi sauƙin kamawa ko da ta zo a gutsure.

An amince da komai ban da makirufo, aka ce babu kuɗinsa a kasafin bana. Mataimakiyar shugaba ta karɓi bibiya. Kafin mu tashi na roƙi a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu, a ba mu kwafi. Na ga alamar roƙon bai yi wa shugabar daɗi ba, amma ta yi. Na kuma roƙi a cire kalmar kunnen ƙashi daga fayil ɗinsa, domin malamin aji uku da ita zai fara saninsa.

Uban

Ba mu ne muka shawo kansa ba. Uwar ta yi ta fama, ni ma na gwada sau ɗaya na ga ina ƙara ɓata lamarin ne, na janye. Abin da ya faru shi ne ranar da za a daidaita na'urar, cikin ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, dole shi ya kai yaron.

Akwai wani ɗan gwaji da masanin ji Daniel Ling ya tsara, na sautuka shida: m, u, a, i, sh, s. An zaɓe su ne don sun ratsa faɗin sautin magana daga mai kauri zuwa siriri. Mai koyar da furuci ta sa uban ya tsaya bayan ɗansa ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, yaron ya ɗaga hannu in ya ji. Ba na'ura, ya ɗaga a huɗun farko, a sh ya yi jinkiri, a s ko motsi bai yi ba. Uban ya maimaita har sau uku. Aka sa na'urar aka sake. Da ya ce s, yaron ya waiwayo gaba ɗaya yana neman inda abin ya fito.

Uban ya gaya mini daga baya cewa abin da ya tsaya masa a rai shi ne sunan yaron kansa da s ya fara. Shekara bakwai yana kiran ɗansa, yana jin haushi in bai amsa ba, ashe farkon sunan bai taɓa isa kunnensa ba. A ranar ya mayar masa da wata sabuwar ƙwallo, bai ce komai ba.

Shi ne kuma ya yi wa mai koyar da furucin tambayar sunan jaririya, abin da ban zata ba. Amsarta ta saɓa wa abin da ni da ƙanwata muka tsaya a kai, kuma ina ganin ta fi mu gaskiya. Ta ce kada a guje wa suna don tsoron baƙaƙensa. Yanzu da yake jin s da f zai koye su, sai dai zai ɗauki watanni, kuma ba abin da ke sa yaro naci kamar kalmar da yake son faɗa. Ta kuma ce damuwar uwar ba banza ba ce: watannin farkon nan su ne yaron yake sabawa da na'ura da idon mutane, bai kamata a ƙara masa abin da za a riƙa gyara masa baki a kai sau ashirin a rana ba.

Suna ba ƙaramin abu ba ne ga kunne, shi ya sa nake ganin dukansu biyu suna da hujja. Wani bincike da aka wallafa a 1995 ya nuna jarirai ƴan wata huɗu da rabi sun riga sun fi karkata ga sautin sunansu a kan wasu sunaye. Tun a 1959 ma wani mai bincike, Neville Moray, ya nuna cewa mutum na iya tsinto sunansa daga maganar da ba ya saurare sam. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta sa samun suna tun daga haihuwa cikin haƙƙoƙin yaro, a sashe na 7. Sunan jaririyar nata ne, ita za ta ɗauke shi har tsufa, bai kamata ya zama darasin furucin wanta kawai ba. Haka kuma bai kamata a yi kamar wan nata ba ya gidan ba.

Suka daidaita a kan suna biyu. Na kakar shi ne na farko a takardar haihuwa. Na biyu shi ne na kira a gida. Iyayen suka tace guda uku da dukansu suke so, suka ba yaron ya zaɓa. Na so wannan tsarin, domin ba a ɗora masa nauyin yanke hukunci tsakanin uwa da uba ba, an dai ba shi rabo. Ya faɗi ukun a bakinsa, ya zaɓi mai gaɓa biyu da ya fara da m.

Inda aka tsaya

An haifi yarinyar lafiya. A mako na biyu aka yi mata gwajin jarirai, wanda ake sa ɗan abu mai laushi a kunne ya sako sauti ya auna amsar da cikin kunne ke mayarwa, tana barci aka gama. Ta wuce a kunnuwan biyu. Saboda tarihin wanta likita ya ce a dawo da ita a sake dubawa nan gaba, domin akwai raunin ji da ke bayyana daga baya.

A zaman mako 6 shifta ta tashi daga kusan babu zuwa fiye da rabi. Ciwon cikin safe ya ragu. Malamar ta faɗa da bakinta cewa takan manta, ta riƙa bayani fuskarta na kallon allo, musamman in lokaci ya ƙure, sai suka yi yarjejeniya da yaron: in bai ga bakinta ba ya ɗaga jan fensir, ba sai ya yi magana ba. Ta ce rubuta aikin gida a allo ya rage mata ƙorafin wasu iyayen ma.

Abin da uban ya ji tsoro ya faru sau ɗaya. Wani yaro ya kira shi kurma a filin wasa, yaronmu ya cire na'urar ya cusa a aljihu, ɗaya ta ɓace sai washegari aka tsince ta. Uban ne ya je makaranta wannan karon. Da izinin yaron, malamar ta ba shi minti biyar ya nuna wa aji na'urar, yadda ake kunna ta da inda batir yake shiga. An samu sauƙi, ko da yake har yanzu in za su fita taro yakan tambayi uwarsa ko dole ne ya sa.

Makirufo bai samu ba. Karatunsa yana bayan na ajin da kusan zango biyu, kuma mun roƙi ƙarin darasi na rukuni kaɗan sau biyu a mako, an ce sai an ga jadawalin sabuwar shekara. Malamar da ta fahimce shi ba za ta bi su aji uku ba. Ƙanwata ta riga ta nemi ganin sabon malamin kafin a koma hutu, ta kuma shirya masa shafi ɗaya mai hoton yaron a sama, da abin da yake so, da abin da ke masa wuya, da abin da aka gwada ya yi aiki. Ita ta rubuta da kanta, ni dai na duba mata.

Makon jiya na je gidan na tarar da shi a gefen gadon jaririyar. Da sunan gida yake kiranta, amma uwar ta ce kullum da yamma sai ya gwada na kakar, a hankali, yatsansa a gaban leɓe don ya ji iskar tana fita. S ta zauna. F ce har yanzu takan zo takan tafi.